Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Makarantu, Asibitoci Da Shagunan Kwamfuta Na Zariya: Kafin Ku Biya Kuɗin Manhajar Tsaro

Assalamu alaikum.

Iyayena da yayyena masu makarantun kuɗi, likitoci masu asibitoci da ɗakunan gwaji, shugabannin ƙananan bankuna da ƙungiyoyin adashin ma'aikata, da abokan sana'ata masu kafe, wato shagunan kwamfuta, tun daga Samaru har Kongo, ina gaishe ku da aiki. Allah ya taimaka.

Ni mai gyaran kwamfuta ne. Da yawanku kun san fuskata ko da ba ku riƙe sunana ba, don ni ake kira idan firinta ta ƙi, ko intanet ta ɗauke ana tsakiyar rajistar ɗalibai. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami tambaya ce guda da take ta dawo mini daga bakin mutane daban-daban. Wakilan wasu kamfanoni suna bin ofis-ofis da jaka a rataye, suna tallar wata manhaja da suka ce tana bin diddigin duk abin da ake yi a kwamfutocin ma'aikata, tana tsare bayanan jama'a, sannan ta fitar da rahoton da za a nuna wa hukuma cewa an bi doka. Da sun ambaci tarar miliyoyi sai gaban mai gida ya faɗi, ya ɗauki waya: "Malam, mu saya ne?"

Amsar ta fi ƙarfin hirar waya, shi ya sa na rubuto. Manhajar ba damfara ba ce, irinta tana aiki, manyan bankuna ba sa kwana babu ita. Sai dai ga yawancinku ba ita ce abin farko ba, ba ma ita ce ta biyu ba. Wanda ya saye ta yau, alhali ma'aikatansa duka da kalmar sirri ɗaya suke shiga kwamfuta, laya ya saya ya rataya a bango. Hankalinsa zai kwanta, kuma kwanciyar hankalin nan ce za ta cuce shi.

Mu fara da abin da ke hannunku, don na lura da yawa ba ku taɓa zama kun lissafa ba. Zariya gari ne na takardu. Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ga asibitin koyarwa a Shika, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Palladan, ga barikin horar da kuratan sojoji, kowace shekara dubban mutane ke shigowa daga kowane lungu na ƙasar nan da ambulan cike da shaidarsu. Kafin takardun nan su isa ofishin da ake buƙatarsu, sai sun bi ta hannun ɗayanmu: mai fotokwafi, mai cike fom, mai gwajin jini, mai POS. Mutanen su gama abin da ya kawo su su koma garuruwansu, kwafin takardunsu ya rage a wajenmu.

Ku shiga kowane shagon kwamfuta da ke kusa da ƙofar babbar makaranta a lokacin rajista, ku leƙa allon da yaron shago yake aiki a kai. Cike yake dam da fayiloli, har ba a ganin hoton da ke baya. Ga hoton fasfo na wata yarinya, ga takardar haihuwa, ga shaidar ƙaramar hukuma, ga takardar NIN, ga sakamakon WAEC da NECO, wasu tun na bara waccan. Ɗalibi ya shiga imel ɗinsa don ya buga takarda ɗaya, kwamfuta ta tambaya ko ta riƙe kalmar sirrin, yaron shago ya danna amincewa don layi ya yi tsawo, ana ta yi masa magana. Wata ta haɗa WhatsApp ɗinta da kwamfutar don ta turo takarda, ta karɓi abinta ta biya ta tafi, saƙonninta kuwa suna ci gaba da faɗowa a allon har a rufe shago. Fotokwafin da ya fito da dishi-dishi a jefa cikin kwali a ƙarƙashin tebur, yara su kwashe, washegari ka sayi awara a naɗe maka cikin takardar da ke ɗauke da suna, hoto, da lambobi 11 na wani bawan Allah. Babu mugu a cikin labarin nan gaba ɗaya. Sauri ne da sabo.

Na makaranta ya fi haka nauyi. Fom ɗin shiga aji ɗaya kaɗai yana ɗauke da sunan yaro, hotonsa, ranar haihuwarsa, unguwarsu da kwatancen gidansu, wurin aikin ubansa, lambar wayar uwarsa, da wanda aka yarda ya zo ɗaukarsa. A ofishin akanta kuma akwai jerin waɗanda ke biyan kuɗin shekara gaba ɗaya tun makon farko. Ba sai na yi wa mutumin Zariya dogon bayani a kan abin da irin wannan jeri zai zama a hannun masu garkuwa da mutane ba. Mun ga abin da muka gani a shekarun nan, Allah kada ya maimaita mana.

Na asibiti kuwa shi ne wanda ba ya gyaruwa. Kuɗin da aka kwashe a asusu ana iya mayarwa. Sakamakon gwajin aure da ya fita fa? Yanzu kusan kowane ɗaurin aure sai an nemi takardar gwajin jini, na sikila da na ƙanjamau da sauransu. Ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta ɗauki hoton sakamako da wayarta, ta tura cikin zauren WhatsApp na ma'aikata don likita ya duba, da kyakkyawar niyya. A cikin zauren akwai mutanen da suka bar aiki tun tuni, ba wanda ya tuna ya cire su, ɗaya daga ciki kuma unguwarsu ɗaya da gidan amarya. Kafin la'asar magana ta isa inda bai kamata ba. A garin da kowa ya san kowa, daga Babban Dodo zuwa Tudun Wada, ba a buƙatar ɗan kutse daga wata ƙasa kafin a rusa gidan mutum.

Ba kuma cewa nake 'yan damfarar waje ba su nan. Suna nan, kuma abin da muke zubarwa shi ne jarinsu. Wanda ya haɗa sunanka, ranar haihuwarka, lambar NIN da ta BVN, ya isa ya kira ka da muryar ma'aikacin banki, ya karanto maka bayananka tiryan-tiryan har ka sakankance, sannan ya ce ka faɗa masa lambar da aka turo maka yanzu. Tsofaffinmu da yawa ta nan aka ci su. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bankaɗo shafukan intanet da ake sayar da bayanan 'yan Najeriya a kan naira 100 kacal. Tun kafin nan, a 2021, hukumar NITDA mai kula da fasahar sadarwar zamani ta ci tarar kamfanin bashin waya na Soko naira miliyan 10, saboda yadda ake kwasar lambobin da ke wayar wanda ya ci bashi ana tura wa danginsa da abokansa saƙonnin tozarci.

To, doka fa? Abin da wakilan kamfanonin ke faɗa muku akwai gaskiya a ciki, sai dai suna ɗaukar ɓangaren tsoro su bar sauran. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya riga ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta waya. A 2019 NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai, sannan a watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a cikakkiyar dokar kare bayanai, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, da Dakta Vincent Olatunji ke shugabanta. Hukumar tana da haƙora. A 2024 ta sanar da tarar naira miliyan 555.8 a kan bankin Fidelity, kodayake bankin ya ce bai karya doka ba. A 2025 ta sanar da ta sama da naira miliyan 766 a kan Multichoice masu DStv. Ga waɗanda doka ta sa a sahun masu riƙe da bayanai masu muhimmanci, tarar tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Ga sauran, naira miliyan 2 ko kashi 2 ɗin.

Kada Hajiya mai makarantar firamare ta ce wannan zancen manya ne. Sanarwar da hukumar ta fitar a 2024 ta nuna cewa wanda ke sarrafa bayanan sama da mutum 200 cikin wata shida yana iya shiga sahun masu yin rajista, kuma ta ambaci makarantun firamare da sakandare da ƙananan asibitoci da sunansu. Wace makaranta ce a Sabon Gari ba ta da yara da iyaye 200? Dokar ta kuma ware wasu bayanai ta ce sun fi sauran tsanani, irin su lafiyar mutum, addininsa, ƙabilarsa, da zanen yatsunsa. Bayanan yaro kuwa sai da iznin iyaye ko waliyyi. Mutum yana da haƙƙin ya zo ya tambaye ku me kuka ajiye a kansa, ya ce a gyara kuskure, ko a goge idan buƙatar ta wuce. Duk cikin wannan babu inda aka ce dole sai kun sayi manhajar wani kamfani. Abin da aka ce shi ne ku tsare, kuma ku iya nuna yadda kuka tsare.

Yanzu bari in faɗa muku abin da manhajar take yi, yadda zan faɗa wa mahaifina. Kowace kwamfuta tana rubuta abin da ke faruwa a cikinta, a wani kundi da ba mai buɗewa saboda tsawonsa da wuyar karatunsa. Manhajar bin diddigi tana tattaro waɗannan kundaye daga dukkan kwamfutocin ofis zuwa wuri ɗaya, ta tsara su yadda ɗan'adam zai gane. Za ta ce maka wane ya shiga da ƙarfe kaza, ya buɗe fayil kaza, ya canza adadi kaza zuwa kaza. Za ta nuna maka wa ke da iznin ganin me, har ka tarar mai buga takardu yana iya buɗe albashin kowa. Za ta tona asusun ma'aikacin da ya bar aiki amma har yau ƙofarsa a buɗe. Idan wani ya kwafi fayiloli ɗaruruwa zuwa filash cikin dare, ko aka yi ta gwada kalmar sirri ana kuskure, za ta turo gargaɗi. A ƙarshe ta haɗa rahoto bisa ma'aunin da aka zaɓa, ko na dokarmu, ko na tsaron bayanai na duniya da ake kira ISO 27001, ko na masu katin banki. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Makarantar da aka taɓa canza wa ɗalibi maki a ɓoye, ko asibitin da rasit ke ɓacewa tsakanin kashiya da akanta, sun san darajar a iya cewa ga wanda ya yi, ga lokacin.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Duk wannan ya rataya ne a kan abu ɗaya: kowane mutum da sunansa da kalmar sirrinsa. A ofisoshin da nake shiga kuwa, asusu ɗaya ne, sunansa "admin", kalmar sirrinsa sunan makarantar da 123 a ƙarshe, ko sunan autan mai gida. An rubuta a 'yar takarda an manna a gefen allo don kada a manta. Firinsifal ya sani, akanta ya sani, mai bautar ƙasar bara ya sani, ɗan mai gida da ke zuwa kallon ƙwallo da yamma ya sani, ni ma da aka kira gyara na sani. Ku ɗora manhaja mafi tsada a duniya a kan wannan, ranar da aka yi ɓarna za ta fito da rahoto mai kyau, da launi da komai, ta ce "admin" ne ya yi. Kun biya dala don a faɗa muku abin da kuka riga kuka sani.

Haka kuma ba ta ganin takarda. Ba ta ganin kabad ɗin fayil da makullinsa ya ɓace tun zamanin tsohon hedimasta. Ba ta ganin wayar ma'aikaci, alhali rabin aikinku a WhatsApp ake yin sa. Gargaɗin da take turowa ma sai an samu mai karantawa. Na ga inda aka sa irin wannan tsari, gargaɗin yana tafiya imel ɗin da mai shi ba ya buɗewa sai zai nemi biza. Ga kuma kwamfutocin kansu. Microsoft ya daina tura gyaran tsaro ga Windows 7 tun Janairun 2020, na Windows 10 ma ya ƙare a Oktoban 2025, amma ku duba abin da ke kan teburanku, yawanci ma kwafin bayan fage ne da aka zuba a kasuwa. A watan Mayun 2017 manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry ta bi ta irin wannan kafa, ta kwamfutocin da ba a sabunta ba, ta durƙusar da asibitocin gwamnati da dama a Ingila, aka soke ganin likita na dubban marasa lafiya. Ingila ke nan, da kuɗinsu da wutarsu da ba ta ɗaukewa.

Akwai wani abin da mai talla ba zai fara faɗa ba sai an tambaye shi. Kafin manhajar ta iya ganin komai, sai kun ba ta iznin shiga ko'ina. Wato kamfanin da ya ƙera ta ya zama yana cikin gidanku. A ƙarshen 2020 aka gano cewa 'yan kutse sun shiga kamfanin SolarWinds na Amurka, wanda aikinsa shi ne manhajar sa ido a kan kwamfutocin ma'aikatu, suka cusa gubarsu cikin sabuntawar da yake tura wa abokan cinikinsa. Kimanin 18,000 ne suka sauke ta da hannunsu, har da ma'aikatun gwamnatin Amurka. Ban kawo wannan don in ce a guji manhaja ba. Na kawo ne don in ce duk wanda zai shigo muku da ita, ku zaunar da shi ku yi masa tambayar da za ku yi wa mai neman auren 'yarku. A wace ƙasa bayananmu za su kwana, tunda doka ta sa sharuɗɗa a kan fitar da su waje? Su wa a kamfaninku ke iya gani? Idan mun fasa bayan shekara, ta yaya za mu karɓi abinmu, kuma wa zai tabbatar an goge? Kuɗin da naira ne ko da dala, kuma na shekara ne ko na kowace kwamfuta? Wannan ta ƙarshen ba ƙarama ba ce, duk wanda ya ga yadda naira ta yi tun tsakiyar 2023 ya san lissafin bana ba shi ne na baɗi ba. Idan wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, intanet ta yanke kwana biyu, me zai faru da kundin? Wa za mu kira, kuma daga ina zai taso? Mai kaya na gaskiya zai ji daɗin tambayoyin nan. Wanda ya fara kame-kame yana mayar da zance kan tara, ku ba shi ruwa ya sha ya kama hanya.

Haka zancen masu binciken bin doka ma, wato odita. Hukumar tana ba wasu kamfanoni lasisin duba yadda ake bin dokar, su ne ke taimaka wa waɗanda abin ya wajaba a kansu wajen miƙa rahoton shekara kafin watan Maris ya fita. Ku nemi ganin lasisin, ku kuma duba sunan a jerin da hukumar ke wallafawa. Amma ko mai lasisi ne, ku lura da yadda yake aikin. Idan abin da ya yi kawai shi ne ya turo muku fom ta waya, kuka yi ta cika "eh, eh, eh", ya karɓi kuɗi ya aiko da satifiket a saka a firam, ba a bincike ku ba. Odita na gaske zai tako ƙafa ya zo. Zai ce a buɗe masa kabad. Zai ce a kawo sunayen waɗanda suka bar aiki bara, ya gwada ko asusunsu na shiga. Zai ce a ɗauko kwafin ajiya a mayar a gabansa ya ga ko yana buɗewa. Zai ɓata muku rai, zai rubuta abin da ba ku so gani ba. Kuɗinsa ne kaɗai ya halatta a cikin su biyun.

Abin da nake roƙon ku fara da shi ba ya cin ko kwabo, sai dai yana cin fuska, kuma na san nan ne wahalar take. Buɗe wa kowane ma'aikaci asusunsa aikin rabin yini ne. Abin da ke da wuya shi ne Alhaji ya dubi ƙaninsa, ko surukinsa, ko ɗan amininsa da aka ɗauka aiki don zumunci, ya ce daga yau ba za ka ƙara ganin fayil ɗin kuɗi ba. Nan take za a ce an daina yarda da shi, magana ta koma gida, a kira taron dangi. Mu mutane ne masu kunya da kara, ban kuma raina wannan ba, da shi muke zaune lafiya. Shawarata ita ce mai gida ya fara da kansa. Ya tara ma'aikata ya ce ni ma daga yau da sunana zan riƙa shiga, ni ma ba zan buɗe fayil ɗin marar lafiya ba sai da dalili. Ya kuma fahimtar da su cewa tsarin kariya ce ga mai gaskiya. Yau idan kuɗi ya ɓace a ofishin da kowa ke "admin", wa ake fara zargi? Ƙaramin ma'aikaci, wanda ba shi da kowa. Ranar da kowa ke da sunansa, wannan yaron yana da shaida.

Sauran ƙanana ne, ku yi su a mako ɗaya. Ranar da ma'aikaci ya ajiye aiki, kafin a gama sallama a rufe asusunsa a cire shi daga zauren WhatsApp, ko da rabuwar arziki aka yi. Kowa ya kunna tabbaci mai mataki biyu a imel da WhatsApp, wato sai an sa wata lamba ta biyu kafin a shiga, kyauta ne. A sami kwafin ajiya a wata ma'ajiya dabam da ba a barinta a jone da kwamfuta, a kuma riƙa gwada shi, don kwafin da ba a taɓa buɗewa ba zato ne kawai. Takardun da suka gama aiki a ƙone su, kada a sayar wa masu awo. Tsohuwar kwamfuta kafin ta tafi kasuwa ko hannun 'yan gwangwan, a cire ma'ajiyarta. Sannan ku rage abin da kuke karɓa tun farko. Me makarantar nazare za ta yi da BVN ɗin uba? Me ya sa littafin mai gadi zai kwana a buɗe a bakin ƙofa da lambobin wayar duk matan da suka zo awo? Abin da ba ku karɓa ba, ba za a sace shi a hannunku ba.

Akwai guda ɗaya da na san zai fi yi muku ɗaci. Doka ta ce idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, a sanar da hukuma cikin awa 72 da gano abin, idan haɗarin babba ne kuma a gaya wa mutanen da abin ya shafa ba tare da jinkiri ba. Ɗabi'armu kuwa ita ce a bar maganar a cikin gida, kada sunan makaranta ya ɓaci, kada abokan gasa su ji. Na fahimci tsoron. Amma ku dubi abin daga wajen uban yaron. Idan an sace kwamfutar akanta ranar Litinin kuka gaya masa ranar Talata, zai je banki, zai gargaɗi matarsa kada ta amsa wa duk wanda ya kira da sunan makaranta, zai canza mai ɗauko yaro. Idan kuka yi shiru, sai ranar da aka kira ta aka ce ɗanta ya faɗi a filin wasa, a turo kuɗin asibiti yanzu-yanzu, ta tura, sannan gaskiya ta fito. A lokacin duk abin da za ku faɗa ihu ne bayan hari, kuma sunan da kuka ɓoye don shi ya fi ɓaci. A masallaci da coci duka abu ɗaya ake karanta mana game da amana, ban ga dalilin da zai sa ta tsaya a kuɗi da kaya ta bar sirrin mutane ba.

Na san ƙorafin da zai biyo baya: kuɗin makaranta ba ya shigowa, dizal ya yi tsada, albashi ma da ƙyar. Gaskiya ne. Shi ya sa nake ganin bai kamata kowa ya yi ta kansa ba. Kuna da ƙungiyoyi, na masu makarantu, na likitoci masu zaman kansu, na masu shagunan kwamfuta. Doka ta yarda jami'in kare bayanai, wato mai sa ido a kan yadda ma'aikata ke bin dokar, ya zama ɗan kwangila, ba dole sai ma'aikacin dindindin ba. Makarantu goma a Tudun Wada ko Gyallesu za su iya haɗa kuɗi su ɗauki ƙwararre ɗaya ya riƙa zagaya su. Ga ɗaliban kimiyyar kwamfuta birjik a garin nan, kowace shekara suna yawon neman inda za su yi horon sanin makamar aiki, a ƙarshe a zaunar da su suna buga wasiƙu. A ƙarƙashin wanda ya san aiki, su ne za su ƙirga muku kwamfutoci, su buɗe asusai, su koya wa ma'aikata da Hausa yadda ake gane saƙon tarko. Idan kun kai matakin da manhajar za ta yi amfani, wanda babban asibiti ko ƙaramin banki zai kai da wuri, ku je cinikin a ƙungiyance. Farashin da za a gaya wa mutum ɗaya dabam ne da wanda za a gaya wa mutum talatin.

Ku kuma abokan sana'ata masu kafe, ba na jin akwai ranar da za mu sayi irin wannan manhaja, kuma ba ma buƙatarta. Namu ya fi na kowa sauƙi. A goge fayilolin kwastomomi kullum kafin a rufe shago, har da kwandon sharar kwamfutar. A hana ta riƙe kalmar sirri. Kwastoma ya fita daga imel da WhatsApp ɗinsa a gabansa kafin ya karɓi canji. Yaron da aka kama yana ajiye hotunan 'yan mata daga takardun rajista, ko yana tara lambobin NIN don wani ya ce zai saya, ba gargaɗi ne maganinsa ba.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyoyin nan shi ne a sa wannan magana cikin ajandar taro na gaba, kowane mamba ya zo da amsar tambaya biyu a rubuce: bayanan mutum nawa ne a hannuna, kuma mutum nawa ne suka san kalmar sirrin kwamfutar ofishina. Idan kuna son wanda zai zo ya nuna yadda ake buɗe wa ma'aikata asusu, mu masu gyara muna nan, ku aiko.

Wassalam.

Naku,
Mai gyaran kwamfuta,
Tudun Wada, Zariya.